Shinkafar da Aka Wanke a Gulbi

"Tsaya! Tsaya ko in hwasa maka kai!"

Direba ya taka birki. Babbar motar ta yi gurnani, ta tsaya daf da kututturen giginyar da aka gicciya a hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Rana tsaka ce. Su uku suka fito daga ciyawa: Dikko, ogansu, riƙe da bindiga, Labbo da adda, sai Tamba, wanda wannan ce fitarsa ta farko.

Shinkafa suka zo nema. Tun da gwamnati ta hana shigo da ta waje, buhu ya zama zinariya a tsohuwar jihar Sakkwato. An tsegunta wa Dikko cewa motar cike take da 'yar waje da aka ƙwace a kan iyaka.

Labbo ya ɗare sama, ya tsaga buhu. Ya yi turus.

"Oga, wagga ba 'yar waje ba ta! Shanshera ta, da ɓawonta. Kuma ja wur!"

Direban, wani dattijo mai suna Irimiya, ya ɗaga hannu sama.

"Iri ne, 'ya'yana. Na manoma. An cuɗa shi da maganin ƙwari. Don Allah kada wani ya ci..."

Tau! Dikko ya harbe shi a ciki.

"Ku kwashe!"

Suka loda abin da akori-kurarsu za ta ɗauka, suka nausa daji.

Tamba ɗan manomi ne. Shekarun da jiragen ruwa ke juye shinkafar waje kamar yashi, uban ya noma fadama guda, ya rasa mai saye, baƙin ciki ya kwantar da shi har ya tafi. Yanzu an rufe ƙofa, an ce a koma gona, bayan gonar ta zama ta wani. Uwarsa, Inna Adama, turara shinkafar mutane take yi a Argungu. Ladanta tsakin da ya karye a turmi. Da shi suke tuwo ita da ƙanwarsa Asiya.

A maɓoyarsu Tamba ya damƙi irin, tafinsa ya rine.

"Oga, guba ta. Ko kaza tac ci, sai ta mutu."

"To, malamin gona," in ji Dikko yana dariya. "Wa ac ce maka ci za a yi? Manoman ƙetare za mu saida ma, su shuka. Tahi Birni ka lahe. In ta yi, ni aiko maka rabonka."

Tamba ya yarda. Yana son ya yarda.

A asibiti, Sufeto Elias ya sunkuya kan Irimiya. Dattijon bai ce komai game da kamannin 'yan fashin ba. Abu ɗaya yake maimaitawa har ya cika: kada a ci. Aka yi ta sanarwa a rediyo. 'Yan sanda suka zazzage kasuwanni suna neman jan iri. Ba su ga ko ƙwaya ba.

Tamba na zaune a teburin mai shayi a Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi, ya ji wani farke yana labari.

"Argungu kam abin mamaki. Kwanan baya gulbi yay yi ja, kihi na ta tasowa ciki sama. Masunta sun ce ba su taɓa gani ba."

Kofin ya suɓuce masa.

Ya iske Labbo a ɗakin wata karuwa a unguwar Badariya, yana yagar kaza. Ya shaƙe shi.

"Ina irin?"

"Kai, sake ni, ɗan ƙauye! Mun wanke shi ga gulbi, tas. Oga ya raba ma mata su turara su surhe. Ka san kuɗin shinkafar gumi yanzu? Yau kasuwa, yau za ta hita."

"Waɗanne mata?"

Labbo ya lashe yatsa.

"Duk mai tukunya. Har tsohuwarka. Oga yac ce ita ta hi iya aiki."

Wanki ba ya fid da wannan magani. Jiƙo da turare cikin ƙwayar suke tura shi. Tamba ya sani. Ya kuma san gidajen sun fi ƙarfin ƙafarsa, kasuwa kuwa ta fi ƙarfin muryarsa. Ya san abin da ake yi wa ɗan fashi: gungume, igiya, sojoji a jere.

Ya shiga ofishin 'yan sanda da ƙafarsa.

"Ni na cikin waɗanda sunka tare motar iri. Ku kai ni Argungu. Yanzu!"

Elias ya dube shi sau ɗaya, ya ɗauki makulli.

Jiniya! Ƙura! Tamba a baya da ankwa, yana ihu: "Dama! Gidan ga! Wancan ma!" Kurata suna dira, suna kifar da tukwane, mata na salati. A kasuwa Elias ya hau kan mota da lasifika.

"Duk wanda ya sayi gumi yau kada ya dafa! Guba ce!"

Wani ɗan kasuwa ya rungume buhunsa yana rantsuwa tasa daban ce, sai da aka ɓamɓare shi da gindin bindiga. Wata mata ta ɓoye kwanonta a zane. Ta ce da tsada ta saya.

Gidansu ne na ƙarshe a layin. Tamba ne ya jera gidajen haka, don ya san Inna ba ta taɓa ladanta sai ta mayar da kayan mutane.

Ta mayar tun jiya.

Tana zaune a tsakar gida, kan Asiya a cinyarta, kumfa ta bushe a bakin yarinyar. Ga tukunyar tuwo an ci rabi. Inna ta bar mata ne ta ƙoshi, ita ta sha kunu.

Ta ɗago ta ga ankwa. Ta ga jan da bai gama fita daga faratansa ba.

"Tamba. Kai ma kana ciki?"

"Inna..."

"Ku hitar min da shi."

Asiya ta tafi. Yara biyu a wani gida sun tafi. Irimiya ya tafi. An kama Labbo bai gama kazarsa ba. An ɗaure shi tare da Tamba a gungume, jama'a suka cika fili, masu gyaɗa suna talla. Inna Adama ba ta zo ba. Manoman da aka yi wa alkawarin irin suka shuka abin da suka samu, ruwa ya cinye rabi, shinkafa ta ƙara tsada.

Dikko kuwa ya tsallake iyaka tun ranar da ya karɓi kuɗi. Na gan shi bara a Birnin Kebbi cikin farar shadda. Fasa-ƙwaurin shinkafar waje yake yi, tirela-tirela. Tallarsa ɗaya ce, kuma tana ci: wai ta gida ba abin yarda ba ce, ku tuna abin da ya faru a Argungu.