Ƙafar Ubandawaki Bizo

A shekara ta goma sha tara ta sarautar Sarki Maidabo na Birnin Garanga, wani ɗan birni mai ganuwa tsakanin Dogon Dutsi da Tibiri a ƙasar Arewa, mahara suka fito daga gabas suka yi wa garin zobe. Ƙarshen damina ne, gero ya fid da kai amma bai nuna ba. Kwana goma sha ɗaya ba mai zuwa gona. Rana ta goma sha biyu Ubandawaki Bizo, ɗan sarki na fari, ya sa aka buɗe ƙofar gabas, ya fita da dawaki arba'in ya fatattake su. Nasara kam an samu, amma shi a kan ƙyaure aka dawo da shi. Mashi ya shige shi a ƙasan haƙarƙari, dokinsa kuma ya faɗo masa ya karya cinyarsa ta dama.

Kwana tara ya yi rai a hannun Allah, wanzami yana wanke raunin yana zuba zuma da garin bagaruwa. Ran da ya buɗe ido ya nemi ruwa, sai ya ji gida ya ɗauki kuka. Ya zaci shi ake yi wa. Ashe mahaifinsa Sarki Maidabo ne ya cika.

Al'adar gidan ita ce ba a naɗa wanda aka ɗauko. Mai neman gado sai ya tako da ƙafarsa daga ƙofar fada zuwa tsamiyar naɗi, taki ɗari da ɗoriya, ba sanda, ba kafaɗar kowa. Galadima da sauran masu zaɓe Bizo suke so, suka ja lokaci iyakar iyawarsu, suka ce sai gero ya shiga rumbu. Ƙanensa Tunkara, wanda ko leƙa ƙofar gabas bai yi ba ranar yaƙi, ya ce ya yarda. Me zai hana shi yarda, ƙafafunsa biyu garau?

Aka aika Sukukutane aka ɗauko Arzika maɗori, tsoho marar yawan magana. Ya ja ƙafar, ya jera karare ya ɗaure. Sannan ya kamo jan zakara mai yagaggen zanko, ya karya masa ƙafar dama, ya ɗora ta, ya kife shi da kwando a ɗakin, kamar yadda ya gada.

"Ranka shi daɗe, ran da wanga zakara yat taka ƙasa, kai ma ka taka," in ji shi. "Kahin nan, ko gobara ta kama ɗakin ga, ɗaukar ka za a yi."

Mutumin da ake tsoron muryarsa a fagen fama ya koma sai an juya shi, sai an ba shi fura a baki. Farkon zaman da ya yi sai da ya suma. Cinyar ta kumbura, ƙafar zakaran ma ta kumbura. Yana kwance yana jin waƙar masu yankan gero tana matsowa gari, zakara kuwa yana tsaye da ƙafa ɗaya. Da hannunsa yake ba shi tsaba, ya kuwa tsane shi kamar ya murɗe masa wuya.

Mahaifiyarsa, Iya Tabawa, ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Kunyar ɗan fari ta hana ta ko faɗin sunansa. Sai dai ta aiko da kunu, ta tambayi bayi ko wancan ya sha.

Saura kwana biyu naɗi, Arzika ya fita daji neman saiwa. Da hantsi aka ɗaga kwando, sai ga jan zakara yana takawa ƙwas-ƙwas da ɗaurinsa a ƙafa. Mata suka rangaɗa guɗa. Bizo ya dube shi, ya ga zankon nan ba ko tabo. Ya ɗaga kai, ya hangi bakin zanen mahaifiyarsa yana ɓacewa bayan darni. Ya gane ita ce ta sa aka musanya zakaran.

Da Arzika ya dawo ya shafa ƙafar zakaran, ya ajiye shi a hankali.

"Wanga ba nawa ba na."

"Naka na, Arzika. Kwance min ɗaurin."

"Ƙashi bai san ranar naɗi ba, ranka shi daɗe."

"Ni na san ta. Kwance."

Ranar naɗi Bizo ya fito da babbar riga, gumi yana zuba masa. Jama'a suna ƙirga masa taki a zuci. Ya yi talatin da huɗu. Waɗanda ke gaba sun ce sun ji ƙarar sake karyewar ƙashin kamar an taka busasshen kara. Kafin rana ta faɗi an naɗa Tunkara.

Arzika ya sake ɗori, bai kuma nemi zakara ba. Wata bakwai Bizo yana kwance, ba mai zuwa gaishe shi sai ƙuda. Iya Tabawa ta rasu da bazarar nan ba ta shiga ɗakin ba. Ya koyi rarrafe, ya koyi dafa bango, ya koyi sanda, har bayan damina biyu ya jefar da ita. Amma ƙafar ta warke a gajarce, gwiwar kuma ta sandare, ba ta lanƙwasuwa.

Fadawa ba su rasa abin kai wa sarki ba. Suka ce mai zuwa kasuwa da ƙafarsa ai girman kai ne ya hana shi zuwa faɗuwa gaban ƙanensa. Saƙo ya zo: ko ya zo ya durƙusa kafin kaka, ko ya bar gari da iyalinsa. Ya dubi 'ya'yansa, ya aika a kira Arzika. Wata huɗu tsohon yana gasa gwiwar da yashi mai zafi, yana murza ta da man kaɗe, yana danna ta, Bizo yana cizon fata don kada mata su ji. Ya faɗa wa Arzika cewa mashin bai kai wannan ciwo ba.

Da ranar da aka sa ta zo, ya shiga fada, ya lanƙwasa gwiwar, ya kai ƙasa, ya zuba ƙasa a kai. Wani bafade ya ce sarki ya gaishe shi. Tunkara ya tashi ya shige gida. Bizo ya yunƙura, gwiwar ta ƙi miƙewa. Cikin fadawan akwai waɗanda suka bi shi ƙofar gabas, amma ba wanda ya yarda a gan shi yana miƙa masa hannu. Ɗaya bayan ɗaya suka fice. Da jan gindi ya isa bakin zaure, inda Arzika yake jiransa.

Masu riƙe labari sun ce ya ƙara shekara goma sha ɗaya, bai sake hawa doki ba. Garanga yau kufai ce, tsofaffin da ke ba da labarinta a kasuwar Dogon Dutsi kuwa har yanzu suna musu: wasu su ce Tunkara ne ya cuce shi, wasu su ce uwarsa. Ni dai abin da ke ba ni tausayi daban ne. Garin da ya ceta bai iya jiran ƙashinsa wata uku ba, shi kuwa ya yi shekara biyu yana koyon tsayuwa, da ya iya, aka ce durƙuso ake so.