Sunan da Halvard Ya Raɗa wa Surukinsa

Ranar Juma'a ce, ranar toya waina a kantin gidan talabijin na gwamnati a birnin Trondheim, Eilif ya fara ganin Torunn. Tana kan layi tana zuba hira da hannu ɗaya, farantin da ke ɗaya hannun yana neman kifewa. Ya tare mata.

"Na gode, Kunnuwa," ta ce, tana kallon abin sauraron da ke rataye a wuyansa. Sunan kuwa ya bi shi.

Shi mai haɗa sauti ne a sashen ilimi. Ita ce ke fitowa a kusurwar allo tana fassara wa kurame darasi da yaren hannu, yaren da ta tashi a cikinsa, domin mahaifinta Halvard kurma ne tun haihuwa.

Kafin wata biyu wayoyinsu ba sa hutawa.

"Kunnuwa, ka ci abinci?"

"Ina fa, zinariyata! Garin kallonki na manta ban kunna wa malamin lissafi makirufo ba. Minti guda yara suna kallon bakinsa."

Da maganar aure ta taso, ta kai shi gida shan kofi. Halvard ya ƙare masa kallo, hannuwansa suka fara aiki, Torunn na fassarawa.

"Baba ya ce darasin yaren hannu na ranar Talata, a ɗakin wa ake ɗauka?"

"A nawa."

"Shekara nawa?"

"Shida."

"Ya ce to gaishe shi."

Eilif ko gaisuwar bai iya ba. Gaskiyar magana, tunda shirin ba ya buƙatar sauti, lokacin ne yake sulalewa ya sha iska.

A wurin kurame, mai ji ba ya zama ɗan gida sai kurma ya raɗa masa suna da hannu. Halvard ya ce bai ga abin raɗa wa suna ba.

"Ba izininsa nake nema ba," in ji Torunn a mota. "Amma ba zan ƙare rayuwata ina tafinta tsakanin mijina da ubana ba. Ka koya, don Allah. Ba ka san daɗin hirar Baba ba, kowa sai ya riƙe ciki."

"Zan koya, zinariyata."

Bayan hutun bazara, ya ce. Sannan bayan Kirsimeti. Ni dai ban taɓa ganin mutumin kirki mai jan ƙafa irinsa ba, har yau abin na ba ni haushi.

Ana haka ya hango ta ta gilashi da Sindre, kurman da ke koyar da darasin Talata, ɗan lelen Halvard. Suna ta dariya, shi ko kalma ɗaya bai tsinta ba. Kishi ya kwashe shi ya rubuta mata:

"Ki auri wanda Babanki ya zaɓa mana, kowa ya huta."

"Labarinka nake ba shi, sakarai. Da ka koya da ka gani da idonka. Sai wata rana."

Shekara guda ba ta ƙara kula shi ba. Sai a lokacin Eilif ya fara zama ranar Talata. Sindre da kansa yake lanƙwasa masa yatsu, a nan ma ya gano ashe mutumin yana da mata har da 'ya'ya biyu. Kunya kamar ya nutse.

Da hannunsa ya ƙware, ya tura mata saƙo: "Na shirya gaida Halvard."

Amsar ta zo da yamma: "Ɓarin jikin Baba ya shanye tun watan jiya. Zo asibiti."

Ya tsaya a gaban gadon, ya gaishe shi, ya ba da haƙuri, ya ce yana son Torunn, duk da hannu, bai yi tuntuɓe ba. Halvard ya gane komai. Amma hannun daman nan da ke sa mutane riƙe ciki yana kwance a kan bargo, na hagun sai rawa yake. Eilif ya fita baranda ya yi kuka, Torunn ta bi shi ta riƙe shi.

A watan Yuni aka ɗaura auren a wani ƙaramin coci, Sindre ne a gaba yana duba takarda yana fassara jawabin fasto da hannu.

Wajen cin abinci Halvard ya nemi a turo kekensa na marasa lafiya kusa da ango. Da ƙyar ya ɗaga hannun hagu, ya buga yatsa sau biyu a wuyan hannunsa da ya mutu, inda ake ɗaura agogo, sannan ya nuna Eilif. Kurame suka ɗaga hannuwa sama suna kaɗawa, tafinsu ke nan.

Torunn ta buɗe baki za ta fassara.

"Bar shi, zinariyata," ya ce, hawaye na zuba. "Na gane. Makararre."

Ya durƙusa, tsohon ya dafa kansa ya daɗe bai ɗauke ba. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Iyakar hirar da Eilif ya taɓa samu daga hannun surukinsa ke nan.