Eriyar Aji Shida da Almakashin Umma

A unguwar Agege akwai wata yarinya 'yar aji shida. Mahaifiyarta tela ce. Tun tana ƙarama take zama gindin keke, tana kallon yadda ake daidaita bakin zane. Shi ya sa ba ta son ganin wani gefe ya fi wani tsawo.

Ran Litinin Malam Shamsuddeen ya shigo aji da albishir.

Ya ce, "Kun tuna gaisuwar da muka ɗauka a waya? Ɗaliban jami'ar da muka aika wa sun tura ta cikin ƙaramin tauraron ɗan'adam ɗin da suka haɗa don koyon aiki. Girmansa bai wuce gwangwanin madara ba. Zai riƙa faɗin gaisuwarmu daga sama, amma bayan Juma'a za a cire ta."

Faruk ya ce, "Malam, ashe muryata ta riga ni hawa sama!"

Aka yi ta dariya.

Sai suka haɗa eriyar da za ta kamo muryar. Malam ya yanka tef ɗin awo na ƙarfe, irin na kafinta, gida uku. Ya ɗaura su a jikin sanda. Ran Laraba ya ba yarinyar ajiya, don ita ce mai kula da kaya.

Da ta je gida ta ƙura wa eriyar ido. Ƙarfen baya ya fi na tsakiya tsawo. Na tsakiya ya fi na gaba.

Ta ce a ranta, "Kai, Malam bai iya yanka ba."

Ta ɗauko almakashin Umma. Ta datse su duka, suka zama daidai.

Ran Alhamis da hantsi aka fito filin makaranta. Malam ya duƙa kan rediyo, ita kuma ta ɗaga eriya sama.

Ya ce, "Minti goma kawai zai yi a samanmu. Ku yi shiru."

Rediyo ta yi ta shuu. Ban da hon ɗin motocin danfo daga titi, ba su ji komai ba. Minti goma suka cika. Nazifa, wadda ta yi sallamar cikin gaisuwar, ta fashe da kuka. Malam ya yi ta duba batir. Yarinyar ta ɓoye eriyar a bayanta.

A gida ta tarar Umma tana fama da atamfa. Almakashi ya ƙi ci, sai tauna zanen yake yi.

Umma ta ce, "Ikon Allah! Wa ya yanka ƙarfe da almakashina?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta faɗi komai.

Umma ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ɗauko hijabinki. Ana sallame la'asar za mu gidan Malam. Da bakinki za ki faɗa masa."

Malam ya saurara har ta gama. Ya ce, "Da gangan na bambanta su. Dogon yana tare saƙon, na tsakiya yana kamawa, gajeren yana nuna hanya. Kowane da awonsa. Me ya hana ki tambaye ni?"

"Na ɗauka gyara nake yi, Malam. Ka yi haƙuri."

"Ya wuce. Saura gobe kaɗai. Tashi mu yi aiki."

Alu kafinta, maƙwabcin Malam, ya ba su tsohon tef. Malam yana faɗin awo, yarinyar tana aunawa sau biyu, Alu yana yankawa da almakashin kwano.

Ran Juma'a da safe ta tsaya gaban aji ta nemi yafiya. Sannan aka fita fili, ta ɗaga eriya. Rediyo ta yi shuu. Can sai ga muryar Nazifa, siririya, daga sama.

"Assalamu alaikum. Mu ne 'yan aji shida daga Agege!"

Fili ya kaure da ihu. Faruk yana tsalle yana amsa sallamar.

Da ta koma gida, Umma ta ce, "Alhamdulillahi. To, me kika koya?"

Ta ce, "In ban san dalilin abu ba, in tambaya kafin in gyara. In na yi kuskure kuma, in faɗa da wuri."

"Madalla. Yanzu kai almakashina wurin mai washin wuƙa."