Tara Bisa Goma

An sace littafin Malama ranar Litinin, saura kwana uku kwamitin kwaleji ya zauna a kansa.

Ba a ma buga shi ba tukuna. Shekara bakwai ta yi tana haɗa shi, littafin koya wa ɗalibai karatu da rubutu a kowane fanni: yadda ɗan kimiyya zai rubuta rahoton gwaji, yadda ɗan tarihi zai karanta tsohuwar takarda, har ɗan aikin gona ta ba shi babinsa. Kwafi ɗaya ne, shafi ɗari uku da goma, da filashin kwamfuta da aka adana shi a ciki, duk cikin kwali ɗaya a kabad ɗin ofis. In bai isa gaban kwamiti ranar Alhamis ba, tsohon littafi zai ƙara shekara biyar yana aiki.

Sufeton 'yan sanda ya iso da Kofur ranar Talata da hantsi. Shi bai yi boko mai zurfi ba, kuma ba ya ɓoyewa. Ya dubi kabad, ba a ɓalle shi ba. Ya dubi rediyo da butar shayi ta lantarki a kan tebur, babu wanda ya taɓa su.

"Malama, kwafi ɗaya tak? Ai ko mai sayar da gawayi yana raba ajiyarsa biyu."

"Kwamfutata ta mutu watan jiya, Yallaɓai," ta ce, idonta ja wur.

"Makullin ɗakin nan nawa ne?"

"Uku. Nawa, na mai shara, da na Dakta. Teburinsa ke nan."

"Tsohon littafin na wane ne?"

"Na Dakta ne. Amma malamina ne, kamar uba yake a wurina."

Sufeto ya sha ganin uba ya ci amanar ɗa a kan abin da bai kai wannan ba.

Dakta ya shigo da tarin takardun jarrabawa a hammata, dogon tsoho mai furfura, biro uku a aljihun gaba. Ɗalibai Baba Shida suke ce masa, don tunda yake bai taɓa ba ɗan Adam maki sama da shida bisa goma ba. Littafinsa ya shekara goma sha tara ana karanta shi a kwalejin.

"Abin takaici," ya ce. "Yarinyar nan a hannuna ta koyi riƙe alli."

"Ka karanta littafin nata?"

"Ko bangonsa ban buɗe ba. Ina nake da lokacin karanta aikin yara?"

"Jiya da yamma kana ina?"

"Asibiti. Awon hawan jini. Kai kuma, Sufeto, aji nawa ka gama?"

"Wanda ya ishe ni kama ɓarawo."

Mai shara tsoho ne gajere, ya rantse bai san ma akwai kwali a kabad ba. Yana rantsuwar hannunsa na dama a bayansa. Kofur ya jawo hannun. Yatsu biyu sun ƙone, an shafa musu man goge baki.

"Baba, da me ka ƙone?"

"Da... shayi, ranka ya daɗe."

"Shayi ne ya babbake maka hannun riga?"

Tsoho ya durƙusa. Kowace Talata da sassafe yakan ƙona tarkacen takardu a ramin bayan ajujuwa, kowa ya sani. Yau yana tona wutar da sanda ya ga kwalin a ƙasa. Ya sa hannu ya fizgo shi, ya ɓoye a ɗakin tsintsiya.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ranka ya daɗe, talaka in ya tsinci abu sunansa ɓarawo."

Kofur ya ɗauko kwalin. Filashi ya narke. Amma takarda in ta yi kauri wuta ba ta cin cikinta da sauri, gefe kawai ta lasa. Sufeto ya buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina jan biro: nan an ja layi, can an yi alamar tambaya, can an rubuta "ƙara misali". A shafin ƙarshe an zana da'ira mai ɗan wutsiya, cikinta 9/10.

Ya ajiye a gaban Malama. "Ke kika yi wannan?"

"A'a. Jiya da safe babu ko ɗigon ja a ciki."

"Rubutun wa ne?"

Ta daɗe tana kallon da'irar nan. "Ban gane shi ba."

Ƙarya take, Sufeto ya sani. Ya ce kada ta faɗa wa kowa an ga littafin.

Ranar Laraba da safe ya dawo da rahoto shafi ɗaya da ya rubuta da hannunsa. Ya sami Dakta yana makin jarrabawa, Malama na can teburinta.

"Dakta, taimaka ka duba mini wannan kafin in kai wa oga. Ka san mu, rubutu ba sana'armu ba ce."

Dakta ya yi murmushin jin daɗi. Bai ma san lokacin da hannunsa ya zaro jan biro ba. Ya ja layi, ya girgiza kai, ya yi tsaki sau biyu. Da ya kai ƙasa ya zana da'ira mai ɗan wutsiya, ya rubuta 3/10.

"Na ma yi maka alfarma," ya ce.

"Na gode."

Sufeto ya karɓi jaka daga hannun Kofur, ya fito da shafin ƙarshe mai ƙonannen gefe, ya jera shi kusa da rahoton. Da'ira biyu, wutsiya biyu, kamar tagwaye.

"Mun je asibiti, rabon su da kai wata huɗu. Kai da ba ka buɗe bango ba, wa ya ba ta tara?"

Biron ya faɗi daga hannun Dakta.

"Niyyata in jefa shi rami kawai," ya ce a hankali. "Na ce bari in ga shafi ɗaya, in ga shirmen da za a ture ni saboda shi. Sai na kasa ajiyewa. Kuskure nake nema, Sufeto, tun azahar har rana ta faɗi. Abin da na yi shekara ashirin ina cewa zan rubuta, shi yarinyar nan ta rubuta. Yarinyar da na ba huɗu a jarrabawarta ta farko!"

"Da ka ce in sa sunanka a gaba, Baba, wallahi da na sa," Malama ta ce tana kuka.

"Shi ne abin da ba zan iya ɗauka ba." Ko kallonta bai yi ba.

Kofur ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya kama Dakta a gwiwar hannu. Suka bi baranda, ɗalibai sun cika tagogi.

Ranar Alhamis Sufeto da kansa ya kai littafin gaban kwamiti, da ƙaurinsa da jan bironsa. Shugaban kwamiti ya ga da'irar, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ba su yi minti ashirin ba suka amince.

Dakta kuwa saura wata biyar ya yi ritaya aka kore shi daga aiki. An kwashe littafinsa daga laburare, ranar Talata ta gaba mai shara ya tura shi a baro zuwa ramin bayan ajujuwa.