Duwatsu Biyu, Ƙara Ɗaya

Ranar Talata, bakwai ga Rajab, ƙarfe tara na safe, wani mahaƙin rijiya ya saki babban dutse da ƙarami tare cikin busasshiyar rijiya. Ƙara ɗaya ya ji. Alhali tun kaka da kakanni an ce mai nauyi ke fara isa ƙasa.

Ya tara jama'a, yana marmarin ko mutum ɗaya ya ji abin da ya ji.

"Kai, iyayenmu wawaye ne?" in ji maƙeri.

Mahaƙin ya saki duwatsun, ƙara ɗaya. Ya kuma saki, ƙara ɗaya. Dariyarsu ta danne ƙarar, suka watse.

Waɗanda suka rage: akuyar maƙwabci, da shi, da matarsa, wadda ta tsinci duwatsu biyu ta ce, "Maigida, matsa in gwada."