Safar Dangin Fikret

"Innalillahi! Fikret, mushen me ka shigo mana da shi gida?"

Enisa ce ta faɗi haka, ta ture littattafanta gefe tana toshe hanci da mayafi. Fikret, saurayin da za ta aura, ya dire wani buhu a tsakiyar falon mahaifiyarta, a benensu na birnin Sarajevo, yana wani murmushin marasa gaskiya.

"Saƙon Mama ne daga ƙauye. Zaren ulu ne, na tumakinmu, ita ta kaɗa da hannunta."

"Zare ne yake wannan ɗoyin?"

"To... akwai na awo a ƙasa."

Ta zazzage buhun. Curin zare ya gangaro, mai maiƙo, yana ƙarnin rago. Daga ƙarshe sai ga tsofaffin safa, kowace da sunan mai ita a jiki, don amarya ta san girman ƙafar kowa. Ba wadda ta ga ruwa a cikinsu. Ta Kawu Edhem kuwa, ƙanin uwar Fikret, da ta faɗo ƙasa, tsayawa ta yi cak da kanta kamar takalmi.

Enisa ta ruga bayi tana kakarin amai.

A ƙauyukan kan dutse amarya ba ta shiga dangi hannu sake, sai ta saƙa wa kowa safa. Mutanen birni sun daɗe da yar da wannan, amma ban da Mama Hajra, uwar Fikret. Ta ce in ba saƙar hannun yarinyar ba, ƙafarta ba za ta taka wurin ɗaurin aure ba, albarka kuma a nema a wani wurin.

"Furojet ɗina na jami'a fa?" in ji Enisa da ta fito, idonta jawur. "Wata mai zuwa zan miƙa! Ga jarabawa! Ni ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba!"

Mahaifiyarta ta ɗauki safar Kawu Edhem da muciya ta jefa a bokiti. "Yi haƙuri, 'yar nan. Zauna in nuna miki. Ni ma haka aka yi mini, kuma ƙafafun dangin ubanki sun fi waɗannan."

Haka Enisa ta shiga uku. In ta rubuta shafi guda sai ta ɗauki tsinken saƙa, in yatsu suka gaji ta koma rubutu. A cikin bas tana saƙa, a layin sayen burek, wani burodi mai nama a ciki, tana saƙa, littafi a buɗe kan cinya ta danne shi da gwiwar hannu. Ƙarnin ulun nan ya kama jakarta, ya kama gashinta. A laburare kujerun da ke kusa da ita kullum babu kowa. Wata rana ana tsakiyar lacca malamin ya tsaya yana shinshine-shinshine, ya ce, "Wa ya zo mana da tunkiya aji?" Aka kwashe da dariya, ita kuwa kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ga Mirsada, yayar Fikret, ba ta barin waya ta huta. "'Yar boko, yaya saƙa? Ki tuna fa mutum dunduniya ɗaya gare shi a kowace ƙafa!"

Fikret ya same ta wata yamma tana hawaye, ta warware rabin safa saboda kuskure.

"Haba masoyiya, kasuwa cike take da safa. In sayo, wa zai sani?"

"Ni zan sani. Ƙarya ce za ta zama abu na farko da zan miƙa wa mahaifiyarka? Tir! Kar ka sake yi mini wannan maganar."

Ta miƙa furojet, ta zana jarabawa, safa ma ta kammalu. Sai dai gaskiya, kai mai karatu, da ka gansu da ka kawar da kai. Wata dunduniyarta a gefe, wata wuyanta kamar hannun riga, ta Kawu Edhem kuwa jariri zai kwanta a ciki. Fikret ya dube su, ya haɗiye yawu, ya ce, "Sun yi kyau." Ya karɓi ƙunshin, wai zai ajiye a mota kafin ranar tafiya.

Ran Asabar da hantsi suka hau dutse. Ɗakin Mama Hajra ya cika da mata, ana ta zuba gahawa, Kawu Edhem ya miƙe ƙafa a bakin murhu. Mirsada ta fizge ƙunshin. "Bari mu ga aikin jami'a!"

Tana kwancewa sai ta zare ido. Safa ne lafiyayyu, ja da baƙi da fari, zane kamar a littafi. Mata suka hau "Masha Allah!" Enisa ta ƙura musu ido. Ba ta taɓa ganinsu ba.

Mama Hajra ta miƙa hannu. Ta ɗauki ɗaya, ta juya cikinta waje, ta shafa ƙullin da ke wurin yatsu da babban yatsanta. Ta ɗauki wata. Sannan ta yar da su kamar ta taɓa kashi.

"Wannan ƙullin nawa ne. Ni na saƙa su da sanyin bara, na sayar wa mai shago a kasuwar birni. Yarinya, safata kika sayo kika kawo mini? A ɗakina?"

Mirsada ta faɗi tana dariya har da riƙe ciki. "Wayyo Allah! 'Yar boko ta yi satar amsa!"

Hawaye ya ɓalle wa Enisa. "Wallahi Mama ba nawa ba ne. Nawa munana ne, ba mai ganinsu ya yaba." Ta juya ta dubi Fikret cikin ƙyama. "Kai ne ko? Kunyata ka ji."

Fikret ya durƙusa. "Ni ne, Mama. Tsoro na ji kar a yi mata dariya. Ba ta sani ba, ta ma hana ni."

"Ina nata?"

"Suna but ɗin mota."

"Tashi, sakarai!"

Ya dawo da su a leda, sun kwana kusa da jarkar man dizal, wari biyu ya haɗu. Mata suka toshe hanci. Mama Hajra kuwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana ganin inda aka warware aka sake, aka kuma warwarewa. Ta kamo hannun Enisa ta dubi yatsun, duk sun yi kanta.

"Edhem, sa taka."

Kawu Edhem ya zura ƙafa, safa ta wuce gwiwa. "Yaya, wannan ai har wando ta haɗa mini!"

"Rufe mana baki." Ta juyo ga Enisa. "'Yata, tun da nake ban taɓa ganin mummunar safa irin wannan ba. Amma babu ƙarya ko layi ɗaya a cikinta. Ke kin ci. Ɗana ne ya faɗi." Ta harari Mirsada. "Ke kuma da ake ta jin haƙoranki, taki ta farko a kan kare muka gwada ta, shi ma ya ƙi."

Enisa ta yi dariya cikin kuka. Amma Fikret bai samu fuska da wuri ba. Har suka sauko daga dutse tana fushi da shi, sai da ya yi ta zarya gidansu yana ban haƙuri, ya rantse ba zai sake gyara mata abu a ɓoye ba.

Sakamako ya fito, ta haye. Ranar ɗaurin aure Mama Hajra ce a sahun gaba, ta sa albarka da babbar murya, dunduniyar safarta na leƙowa ta gefen takalmi, ba ta damu ba.

To 'yan mata da samari, ku ji da kyau. Haƙuri kan yi wari kafin ya yi daɗi, amma yana biya. Wanda kake so kuma, ka tsaya a gefensa da abin da hannunsa ya iya, mai kyau ko mummuna. Ranar da ka rufa masa asiri da ƙarya, ranar ka tona shi.