Shuɗin Tawul ɗin Yaya

Yanzu babu ihun Yaya a gidanmu. Wata biyu ke nan da rasuwarsa.

Tela ne, mutum mai sanyin murya, kafin zazzaɓi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ya tashi daga jinyar, amma da ihu. Yana zaune lafiya sai wuyansa ya sanƙare, ya yi ta kurma ihu, yawu na dalala. Likita ya ce ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne, ba da son ransa ba ne. In abin ya lafa sai ya ce, "Auta, yi haƙuri, ba ni ba ne."

Ni kuwa ƙyamarsa nake ji. Mai gidan haya kullum cewa yake, "Kun dai ajiye mana jiniya." Sai na koyi cusa masa wani shuɗin tawul a baki. Ko wanke shi ba na yi, da yatsa biyu nake ɗauka.

Ran nan dab da magariba na shiga ɗakinsa don in fitar da katifarsa a ƙone. Ɗakin sai tsami da zarnin tsohon fitsari. Na ɗaga matashi, ga tawul ɗin.

A jiƙe yake.

Sabon yawu, da ɗuminsa, yana yauƙi a tsakanin yatsuna. 

Sai na ji wannan jan numfashin da yake yi kafin ya fara. A bayan kunnena.

"Auta." Warin tsumman da ya daɗe a baki ya buge ni. "Ai na gaya miki ba ni ba ne."

"To wane ne?" na raɗa.

Wuyana ya sanƙare.

Bakina ya buɗe da kansa.

Ihun Yaya ne ya fito. Ina jin komai, na kasa tsayar da shi. Maƙwabciyata ce ta jawo ni waje ta ƙafa.

Likita ya ɗauki hoton kaina, ya ce bai ga komai ba tukuna. Sau uku abin ya dawo. Jiya da ihun ya sake ni, na ga babbar 'yata a kaina, ta yatsine fuska, tana riƙe da tawul da yatsa biyu.

"Ba ni ba ce," na ce mata.

Wanda ya karanta ya taya ni da amin: Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe mini abin da na yi masa, Ya ba 'yata tausayin da ni na rasa.